Daga Samaru zuwa kurmin Gashaka: takardu, kaya da aikin bin rafi

Wanda zai shiga kurmin Gashaka bincike, kogi ne ke yanka masa lokaci, ba kalandar jami'a ba. Daga Disamba zuwa Maris ruwa ke janyewa har a iya ƙetare kogin Mayo Kam da rassansa da kaya a ka. Damina na sauka a Afrilu hanya ta fara rufewa, ba kuma za ta buɗe sosai ba sai Nuwamba ta wuce. Don haka daga baya ake yo lissafin tafiyar: a tsayar da ranar shiga daji, sannan a riƙa ja da baya ana ba kowane ofis lokacinsa. Mu ƙaramar tawaga ce daga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya, masu nazarin kifi da tsirrai da ingancin ruwa, tare da ɗalibai masu digiri na biyu. Aikinmu bin wani reshen rafi da ke gangarowa daga duwatsu, wanda a tsohuwar taswira shuɗin layi ne kawai ba suna, a rubuta kifayensa, a tattara tsirran gaɓarsa, a auna ruwansa. Ga yadda abin ya gudana bi da bi.

Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar, mita 2,419. Ɓangaren kudu ne ke da kurmi mai duhu. Ruwan da ke sauka can a shekara ya kusa ninka na Zariya, wanda ke tsayawa wajen milimita 1,000. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin matsalolin da zan ambata a gaba.

Matakin farko a sashe yake. Ana gabatar da ƙudurin bincike a taron sashe, a gyara, shugaban sashe ya sa hannu. A wannan takarda kowane ofis na gaba zai dogara, saboda haka tun a nan ake rubuta abin da za a ɗauka dalla-dalla: kifi nawa daga kowane jinsi a kowane zango, da wace irin raga, yadda za a kashe shi, reshe nawa daga kowane tsiro, da inda za a ajiye su bayan an dawo. Jimla irin ta "za a tattara samfura gwargwadon buƙata" ita ce ke dawo da takarda. Daga nan sai kwamitin jami'a mai kula da amfani da dabbobi a bincike, wanda a ABU ake kira ABUCAUC. Tun da kifi za a kashe, dole a bi ta nan. Fam ɗinsu na tambayar yadda za a rage wa dabba wahala, mu kuma man kanumfari muka rubuta, wanda ake narkarwa a ɗan itanol a zuba a bokitin ruwa, kifi ya sume kafin a sa shi a fomalin, sinadarin da ke hana shi ruɓewa. Kwamiti zama yake yi lokaci-lokaci, wanda zaman ya wuce shi sai ya jira na gaba. Lambar amincewarsu kuwa mujallar da za ta buga sakamakon sai ta tambaye ta, ko bayan shekara nawa ne.

Kuɗi, ko na TETFund ne, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ko na wata ƙungiya daga waje, kashi-kashi yake fitowa, kuma ta asusun jami'a yake bi. Ana cike takardar karɓar kuɗin gaba, ta bi ta ofishin basa da na odita. Wannan jira ya fi kowanne cin rai, domin ana kallon hunturu na shigowa, ranakun rani na raguwa, ba kuma abin da mutum zai iya sai bibiya da ladabi. Abin da ya taimaka shi ne raba kasafin gida biyu tun farko: abin da ba a iya shiga daji sai da shi a kashin farko, aikin ɗakin gwaji a na biyu.

Izinin shiga gandun daji daga Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa yake fitowa, a hedikwatarta da ke Abuja. Wasiƙa ake rubuta wa shugaban hukumar a kan takardar jami'a mai tambari, a haɗa da ƙudurin binciken, da takardar kwamitin dabbobi, da sunayen 'yan tawaga da katin shaidar kowa, da kwanakin shiga da fita, da taswirar inda za a bi. A kai da hannu, a sa a buga hatimin karɓa a kan kwafi, a riƙe kwafin. Abu biyu ya kamata a duba a jikin izinin tun kafin a bar ofis. Na farko, ya ambaci ɗaukar samfur da fitar da shi daga gandun, don izinin kallo da rubutu daban ne da na ɗauka. Na biyu, sunan kowa ya fito, har ɗalibin da aka ƙara daga baya. A lokacinmu biyan kuɗi ta Remita ake yi kamar na sauran hukumomin tarayya, kuma ba dunƙule yake ba: akwai na izinin bincike, na shiga, na kwana, ga kuma alawus na jami'an da za su raka ku. Farashin na canzawa, gara a nemi na lokacin a rubuce kafin a rufe kasafi. Mun so tafiya da jirgi mara matuƙi don ɗaukar hoton rafin daga sama, amma shi yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Muka auna lokacin da zai ci, muka bar shi. A ganina ma ba asara ba ce, tun da rumfar itatuwa ta rufe rafin, daga sama ganye kawai za a gani.

Yayin da ake jiran Abuja ne ake gamawa da asibiti. Allurar shawara guda ɗaya ce ta isa har ƙarshen rayuwa, amma sai bayan kwana 10 take fara aiki. Ta tetanus a sabunta ta. Ta haukan kare, ga mai kama jemagu ko beraye, biyu ce, ranar farko da bayan kwana 7. Muka ɗauki kayan gwajin maleriya na gaggawa da maganinta na kowa da kowa, da gishirin zawo, da bandeji. Batun maganin dafin maciji shi ne ya fi rikita mutane. Ba kowane ke aiki a kan kowane maciji ba. Akwai wanda na kububuwa ne kaɗai, kuma ba a yin allurarsa sai inda za a iya ceton mutum in jikinsa ya ƙi shi. Abin da ya fi amfani shi ne a san asibiti mafi kusa da ke da shi, a kuma koya wa kowa cewa ba a ɗaure wurin sara da igiya, ba a tsaga shi, ba a tsotsa. Sai dai a ɗaure ƙafar da karan itace kada ta motsa, a ɗauki mutum.

Sayen kaya a Zariya da Kaduna aka yi, kuma a nan ake yawan cutuwa. Itanol da aka rubuta wa kashi 96 a jikin jarka ba lallai ya kai ba. Jarkar farko da wani shago ya kawo mana, da aka sa ma'aunin nauyin ruwa, surki aka samu. A gwada a gaban mai shago kafin a biya. Mai kashi 96 shi ake sa guntun fiffiken kifi don gwajin DNA. Mai kashi 70 kuwa haɗa shi ake yi: mililita 730 na mai ƙarfin, a cika da ruwa ya kai lita ɗaya. Fomalin ma haka, mudu ɗaya na wanda aka sayo a zuba mudu tara na ruwa, shi ne kashi 10 da ake nufi. Kada a haɗa tun daga gida a yi ta dakon ruwa zuwa bakin kogi. Sai silika mai tsotse laima, mai canza launi, buhun tsofaffin jaridu, kwalaye masu rami-rami da aka yanka santimita 30 da 45, matsar katako ta matse tsirrai da ɗamararta, manyan ledoji masu kauri, fensira da takardar da ruwa ba ya ci. Biro ba shi da amfani a wannan aiki, itanol na wanke tawada tas.

Taswira ma sai da aka zauna a kanta. Tsofaffin taswirorin gwamnatin tarayya masu ma'aunin 1:50,000 a kan tsarin lissafin wuri na Minna aka zana su, GPS kuwa da tsarin WGS84 yake fitowa. In ba a daidaita ba, wuri ɗaya zai bambanta da gomman mitoci, wanda a cikin kwazazzabo ya isa ya mayar da kai wancan ƙetaren rafi. Muka zaɓi WGS84 ga kowace na'ura, aka rubuta haka a shafin farko na kowane littafin fili. Hanyar rafin kuma daga bayanan tudu da gangare na tauraron ɗan'adam muka fitar da ita a manhajar QGIS, aka buga a takarda aka rufe da leda.

Hanya doguwa ce: Zariya, Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti. Ba a yin ta a yini ɗaya da mota mai kaya, ba a kuma tafiyar dare. Kafin a tashi a kira ofishin gandun a ji halin tsaro, a sake kira daga Jalingo. A shingayen hanya jarkokin sinadari ne ke jawo tambaya, shi ya sa kwafin izini da wasiƙar jami'a da rasit ɗin shagon sinadarai suke a gaban mota, ba a ƙasan kaya ba. Mai da hayar mota su suka fi komai cin kasafinmu, kuɗin 'yan dako da abincinsu ke biye. Kuɗin izini, wanda mutane suka fi tsoro, bai kai ko ɗayansu ba. A ciri tsabar kuɗi ƙananan takardu tun daga Jalingo, don bayan Serti ba maganar tiransifa.

A Serti aka fara da ofishin gandun. Suka duba izinin, suka rubuta sunayenmu, suka ware jami'an rakiya, aka tsayar da ranar da za a neme mu in ba mu fito ba. Daga nan aka kai gaisuwa fada, sannan wajen mai garin ƙauyen da za mu tashi. Wannan ba ya cikin kowace takarda, amma wanda ya tsallake shi ba zai sami ɗan dako ko ɗan jagora ba. Aka ajiye goro, babbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, malamai ne daga Zariya, kifi da ganye muka zo dubawa, ba zinare ba, ba katako ba." Faɗin haka a fili na da dalili. Yankin ya sha fama da masu haƙar ma'adinai da masu sarar madobiya, itacen da aka yi ta kwasa daga Taraba zuwa Sin har aka sa shi ƙarƙashin kariyar CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke cikin barazana, a 2017. Baƙo mai GPS a hannu, kallon ɗayansu ake masa sai ya bayyana kansa. Da 'yan dako a yi magana ƙarara a gaban mai gari: kuɗin yini, ranar hutu ana biya ko ba a biya, abinci a wuyan wa yake, kuma kaya kada ya wuce kilo 20 ga mutum ɗaya. A yi takardar biya kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ita ce za ta tsaya a madadin rasit a gaban odita. Abinci mun lissafa wajen rabin kilo na shinkafa ko gari ga kowane baki a yini, ban da wake, mai da busasshen kifi.

Cikin daji aikin zango-zango ne. Ana tsayawa duk inda rafin ya canza hali: inda wani reshe ya shigo, inda gangare ya zama gurbi, inda kurmi ya buɗe. A kowane zango ruwa ake fara aunawa, tun kafin wani ya taka ya dama shi. Na'urar iskar oksijin sai an sake daidaita ta duk lokacin da aka hau tudu, don nauyin iska na raguwa, in ba haka ba lambobin za su yi ta karkata ba a sani ba. Ta pH, mai auna tsamin ruwa, kuma a ruwan dutse mai ƙarancin gishiri takan daɗe tana rawa, sai an ba ta mintuna. Yawan ruwan da ke wucewa da lemon zaƙi muka auna: a ja mita 10, a saki lemo a ga daƙiƙa nawa zai yi, sau uku a ɗauki matsakaici. Misali, rafi mai faɗin mita 6, matsakaicin zurfi 0.4, gudu rabin mita a daƙiƙa: a ninka su, a sake ninkawa da 0.85 saboda ruwan ƙasa bai kai na sama gudu ba, a sami kimanin kubik mita ɗaya a daƙiƙa. GPS a ƙarƙashin itatuwa ɓata yake yi, sai a tsaya a tsakiyar rafi inda sama ta buɗe, a bar shi ya nutsu, a rubuta lambar tare da girman kuskuren da ya nuna.

Kifi da kalli ake kama na gurbi, a kafa da magariba a cire da asuba, mai ido inci 1, 2 da 3. Birgi na wuri mara duwatsu ne. Su ke kawo kurungu, tarwaɗa, kawara, wani lokaci tsage a ƙasa-ƙasa. Amma abin da ya fi daraja ga ilimi yana cikin gangaren duwatsu, ƙananan kifaye da ba su kai yatsa ba, waɗanda masunta ba su damu da su ba. Su sai a tare koma a ƙasa, mutum biyu su riƙa juya duwatsu daga sama. Tsarin da ba a saɓawa: hoto tukuna tun launi bai gushe ba, sai a yanki guntun fiffiken dama a sa a itanol mai ƙarfi, a ba shi lamba ɗaya da ta kifin, sannan fomalin. Fomalin na lalata DNA, in aka juya tsarin an yi asara. Kifin da ya wuce santimita 15 a yi masa allurar fomalin a ciki, in ba haka ba waje zai ƙame ciki ya ruɓe. Kada kifi ya wuce sulusin kwalba. Bayan mako ɗaya ana iya tsamo su a naɗe a ƙyallen da aka jiƙa da fomalin, a sa a leda biyu, nauyin dako ya ragu sosai. Takardar lamba a cikin kwalba take zama, da fensir.

Tsirrai ne suka fi ba ɗan Zariya mamaki. A gida da hunturu, ganye a matsa bushewa yake kamar kuka a kan tabarma. A kurmi kuwa, ko da rani, raɓa da laima ba sa bari. Kafin kwana uku jarida ta jiƙe, fumfuna ta hau, ganyen ya yi baƙi ya zube. Hanya biyu ce. Ko a ɗora matsa a kan risho mai ƙaramar wuta, ramukan kwali na kallon sama don zafi ya ratsa, wanda ke cin kananzir kuma yana buƙatar mai gadi duk dare. Ko a matse na dare ɗaya, a cire kwalaye, a ɗaure jaridun dami-dami, a sa a leda mai kauri, a zuba itanol mai kashi 70 wajen rabin lita har takarda ta jiƙe ba tare da ya kwanta ba, a fitar da iska a ɗaure. Ta biyun muka bi, tana riƙe samfur makonni har a dawo gida a busar. Farashinta shi ne launin fure na gushewa kuma DNA na lalacewa, don haka launi da ƙamshi da ruwan da itace ke fitarwa a littafi ake rubuta su nan take, a kuma yanki ɗanyen ganye ƙarami a sa a silika, nauyin silika ya ninka na ganye sau goma. Reshe mara fure ko 'ya'ya da wuya a gane shi, kuma kowane tsiro a ɗauki aƙalla uku saboda rabo.

Zango a kafa shi sama da inda tarkacen ambaliya ya maƙale a rassa, nesa da mataccen itace. A zagaye tanti da toka saboda kwarkwasa. Baƙin ƙudan da ke kawo makanta a ruwa mai gudu yake hayayyafa, da rana yake cizo, kuma kwarin kogin Taraba sananne ne da cutar. Dogon hannu da safa dole ne komai zafi. Tufafi shuɗi ko baƙi na jawo ƙudan tsando. Ruwan sha a tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin a jira rabin awa. Mai tari ko mura ba ya zuwa inda biri mai ganga, wato chimpanzee, yake, don cutar mutum na kama shi. Wajen ƙetare ruwa a kwance ɗamarar jaka, a fuskanci sama, a dogara sanda, kuma mai gudu in ya wuce cinya a haƙura. Wajen Maris ruwan farko kan sauka a kan duwatsu alhali inda kuke rana ce tar. Wata safiya jagoranmu ya dubi ruwa ya ce, "Dakta, an yi ruwa a sama, dubi launinsa." Aka ce, "To Baba, sai yaushe?" Ya nuna wani dutse ya ce sai kansa ya fito. Irin wannan zama shi ya sa ake ƙara kwana ɗaya a kan kowane huɗu a lissafin abinci da kuɗin dako.

Da fitowa aka koma ofishin gandun da jerin abin da aka ɗauka, aka buga masa hatimi. Wannan jeri shi ne shaidar cewa ba sata aka yi ba. A Samaru aka buɗe ledojin tsirrai aka busar, aka sa su a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda don kashe ƙwari, sannan suka shiga ɗakin adana tsirrai na jami'a aka ba su lambobi. Kwafi ɗaya na Ibadan ne, ɗakin adana tsirrai na cibiyar binciken gandun daji ta FRIN. Kifi aka jiƙa a ruwa ana canzawa har warin fomalin ya tafi, aka mayar da su itanol mai kashi 70. Wanda zai tura samfur waje kuma sabon layi ne: yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin jami'o'in biyu, amincewar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, takardar lafiyar tsiro daga hukumar killace kayan gona ta NAQS, da izinin CITES in jinsin na cikin jerinta.

Abin da zan gaya wa mai shirin irin wannan tafiya: in Janairu yake son shiga, ƙudurinsa ya bar sashe tun damina na tsakiya, wasiƙar Abuja ta tafi kafin Oktoba. Ya yi kwafi uku na kowace takarda, ɗaya a gida. Ya gwada kowace na'ura da kowane ɗalibi a bakin rafin Kubanni na Zariya ko dam ɗin jami'a kafin a ɗaura kaya, don wanda bai taɓa jefa birgi ba kada ya koya a inda raga ɗaya ce. Littafin fili a ɗauki hotonsa kowane dare. Bayan an dawo da wata biyu kowa ya je gwajin tsargiya, kuma wanda ya daɗe a kurmi kada ya sha maganin makantar rafi sai an duba jininsa, saboda akwai wata tsutsar ido da maganin ke yi wa mai ɗauke da ita da yawa mummunar illa. Sai rufe lissafin kuɗin gaba da rasit-rasit, wanda sai an yi shi kashi na biyu ke fitowa, da rahoton da aka yi wa hukumar gandun alkawari, wanda za a nema ranar da aka koma neman izini na gaba.